Jinkar Inna Yalwa

Godiya ta tabbata ga Allah, wanda ya shimfiɗa ƙasa ya ɓoye mana iyakarta, ya halicci hanyoyi, ya kuma halicci masu ƙaiƙayin ƙafa. Tsira da aminci su tabbata ga Fiyayyen halitta. Bayan haka, ni ne Barmo ɗan Jatau, wanda ya yi karatu gwargwadon haƙurin malamansa, ya yi tafiya gwargwadon ƙarfin takalmansa. Ku gyara zama in ba ku labarin ƙasar Mazargi, da wata jinka da ta kusa raba mutum da garinsu.

Asalin tafiyar gardama ce. Wani falke ya sauka a zaurenmu, ya ci tuwonmu, ya saka mana da labari cewa a bayan Kogin Komawa akwai ƙasar da aka yi yaƙin basasa, maƙwabci ya ƙona ɗakin maƙwabci, amma ga su yanzu suna cin abinci a akushi ɗaya. Na ce ƙarya ne. Na karanta tarihin yaƙe-yaƙe da dama, ban ga wanda ya ƙare a akushi ba. A unguwarmu ma akwai wa da ƙane da suka daina gaisawa a kan akuya, ita akuyar ta daɗe da mutuwa. Falken ya ce in je in gani. Jama'a suka yi dariya, don sun san ko kasuwar ƙauye ba na zuwa. Wannan dariyar ce ta ɗaure mini ƙunshi.

Ba zan gajiyar da ku da hanya ba. Na ratsa dajin da itatuwa ke gulmar duk wanda ya wuce, na ji ra'ayinsu a kan rawanina, ban amfana da shi ba. Na haye Kogin Komawa, wanda ruwansa ke gudu gabas da hantsi ya juyo yamma da la'asar, shi ya sa masu fiton can ba su san tuƙi ba, sai jira. Daga nan na shiga Gauraka, babban birnin Mazargi.

Ga abin da na tarar. 'Ya'yan sarki biyu sun yi rikicin gado, kowane gari ya rabu biyu a bayansu, aka yi ta ƙone-ƙone har aka gaji. Daga bisani su biyun suka shirya a kan tasar nama, ɗaya ya zama sarki, ɗaya waziri, suka bar wa talakawa toka. Da aka zo shari'ar abin da ya faru, duk alƙalin da aka ɗauko sai a ga yana da dangi a wani ɓangare. Sai sarki ya aika ƙetare aka kawo masa Alƙalin Ƙarfe, wanda ba shi da uwa balle kawu. Gunki ne a kan kujera, tambaya ɗaya tak ya iya: "Ka taɓa riƙe abin da za a iya dukan mutum da shi?" In ka ce i, kurkuku. In ka ce a'a, idonsa ya yi ja don yana gane ƙarya, sa'an nan kurkuku.

Ba a taɓa kama shi da son kai ba. Ya ɗaure mayaƙa, ya ɗaure matan da suka taɓa riƙe muciya, ya ɗaure liman saboda sandar huɗuba. Ni ma sandar tafiyata ce ta kai ni. Da mutanen birni suka ƙare aka rasa masu tsaro, sai aka tsara rabin 'yan kurkuku su yi gadin rabi daga asuba zuwa azahar, sa'an nan a yi musanya. Gonaki kuwa ciyawa ta gaje su, kuma ba wanda ya kai ta ƙara.

A nan na gamu da Tunau, wani ƙato mai ƙarancin magana, kullum idonsa na kallon arewa. Wata rana ya matso ya durƙusa kusa da ni.

"Malam, kai baƙo ne?"

"Haka sandata ta shaida."

"Ba ka da dangi a ƙasar nan? Suruki? Abokin wasa?"

Na ce ko wanda ya san sunana babu. Sai fuskarsa ta washe kamar na yi masa albishir.

Ya ce, "Kai nake nema. A garinmu, Kwarin Gawo, ba a yi wa mutum shari'ar wuta sai da baƙo. Ni na ƙona ɗakin maƙwabciyarmu, Inna Yalwa. Dattawan gari sun yi shela: duk mai ɗakin wani a wuyansa ya zo kafin ruwan farko na bana. Wanda ruwa ya riga shi, ya bar ƙasar har abada. Tsohuwata tana can, gonata tana can. Zaman nan kuwa, Malam, ba ya gina wa kowa ɗaki."

Na ga a nan ne zan kama falke da ƙarya, na yarda. Sauran fita. Dokar kurkukun ta ce mai gadi zai iya fita da ɗaurarre ɗaya neman itace, kuma ɗaurarre ba ya zaɓar hanya, mai gadi ke zaɓa. Ni ina rukunin masu gadin safe, Tunau na rukunin yamma. Na ɗaura masa igiya a ƙugu, muka fita ta ƙofar arewa, na zaɓi arewa. Azahar na yi na zama ɗaurarre, na miƙa masa igiyar, shi ma ya zaɓi arewa. Haka muka yi ta tsare juna bisa amana har muka bar ƙasar birni. A shari'ar Gauraka har gobe muna neman itace.

Muna hawa tudun ƙarshe na hangi abin da ya sa na murza ido. Can nesa a kan duwatsu ga gizagizai baƙaƙe da farare suna tafe a hankali, kansu a ƙasa, kamar shanu a makiyaya. Tunau ya ce garken damina ne, wani tsohon aljani ke kora su daga arewa kowace shekara, ana ganin tahowarsu tun daga nesa. Ya auna tazarar da ido, ya ƙara sauri.

Kwarin Gawo kuwa gari ne mai launi biyu, baƙin toka da rawayar sabuwar ciyawa. Yawancin ɗakuna an riga an ɗora musu jinka. A 'yan sauran, ga ƙarti suna gini shiru, ga masu ɗakunan a zaune a inuwa suna zazzaga musu faɗa da iyakar ƙarfinsu. Ban taɓa ganin garin da rabin mutanensa ke magana da yawun duka ba.

Aka kai mu gindin gawo, inda dattawa ke zama. Shugabarsu wata tsohuwa ce 'yar ƙarama, ana ce mata Uwar Jinka, sarautar da suka ce ta girmi ta sarki. Ta dubi Tunau sama da ƙasa.

"Ɗan Kande, ka dawo?"

"Na dawo, ranki ya daɗe."

"To, maganarka ta ƙarshe ke nan. Ka san al'ada, amma zan faɗa don baƙo. Wanda ya ƙona ɗaki shi zai gina shi. Mai ɗaki ita za ta ciyar da shi daga tukunyarta, gidansu ko ruwa ba za su ba shi ba. Muddin yana gini bakinta a sake yake, nasa a ɗaure. Ya amsa mata ko da kalma ɗaya, a rushe bangon har ƙasa. Ba a ɗora jinka sai ta ce a ɗaga. Ranar da aka ɗora, maganar ta mutu, wanda ya sake tono ta a gari a sauke masa tasa jinkar. In kuwa ruwan farko ya taɓa daɓen ɗakin babu rufi, ɗan Kande, ka san hanya."

Ta juyo kaina. "Kai kuma, Malam, kai ne Kunne."

Na ce a garinmu an fi sanina da baki.

"Za ka huta. Duk abin da ta faɗa ka ji. Shi ma in kun fita bayan gari yana iya yi maka magana. Amma abin da ya shige ka ba ya fita sai ka bar ƙasar nan. Magana mai zafi tana son inda za ta tafi, in ba haka ba sai ta zauna a gari ta yi 'ya'ya."

Aka ba ni kujera 'yar tsugunno da wata hula mai rufe komai ban da kunnuwa. Na taɓa riƙe muƙaman da suka fi wannan kwarjini.

Inna Yalwa tana zaune a rumfar zana kusa da kufan ɗakinta, doguwa, busasshiya, tana tsinke zogale. Ko tashi ba ta yi ba.

"Lale marhabin da jarumi! Sannu da zuwa, mai cin ɗakin tsohuwa da yaƙi. Ina ganimar? Tukunyar daddawata ka kai wa waziri? Ni na yanke maka cibiya, Tunau. Da na san abin da za ka zama, da na bar ta da tsawo in sami abin jan ka. Kunne, kana ji?"

"Ina ji, Inna."

"To riƙe, yanzu na fara."

Ba ta yi ƙarya ba. Tunau ya haƙa ƙasa, ya kwaɓa da ramno, ya mulmula tubali, ita kuwa ta bi shi da tarihi. Ta faro daga ranar sunansa, ta ratsa ta kan fitsarin kwancen da ya yi a tabarmarta, da ƙwan zabinta da ya sata, da ranar da ya faɗa rijiya mijinta Nomau ya ciro shi. Ta haɗa da kakansa, wanda a cewarta shi ma bai iya ɗaura wando ba. Na yi karatun balaga a gaban manyan malamai, amma ban taɓa jin wanda ya yi yini yana zagi bai maimaita kalma ba sai ita. Ta can gefen danga tsohuwar Tunau, Kande, takan leƙo, ta ga ɗanta, ta koma.

Rana na take tsaka sai Inna Yalwa ta kawo tuwon dawa da miyar kuka, ta dangwarar a gabansa, ta wanke hannu ta zauna.

"Ci, ɗan nema. Kada a ce yunwa ce ta karkata mini bango. Wannan loma ce ko tubali? Kande ba ta koya maka cin abinci a gaban manya ba?" Tana faɗa tana tura masa ɓangaren da ya fi man shanu.

Sai na gane falken bai yi ƙarya ba. A akushi ɗaya suke ci. Ya dai manta bai faɗi abin da ake cewa a kan akushin ba.

Bango ya tashi, ya zagaye, aka yi yaɓe, aka yi daɓe. Tunau ya ɗaura jinka a ƙasa, ya baibaye ta da yanta, ta yi kyau kamar malafar attajiri. Sauran ɗakunan gari duk aka gama, ya rage nasa. Garken gizagizai ya sauko daga duwatsu, har ana jin ƙamshin ƙasa in iska ta kaɗo. Amma Inna Yalwa ta ƙi cewa a ɗaga. Yau ƙofa ta yi ƙunci, gobe ta yi faɗi. Ta sa ya sake yaɓe don wai ta ga sawun ƙadangare.

Akwai kuma wani abu. Kullum in ta kwashe tuwo sai ta ware malmala ɗaya ta rufe da faifai, da safe ta ba kaji. Kullum kuma in an gama ci, sai muryarta ta sauka, ta ce, "Tunau, ina Nomau?" Tun ranar wutar ba ta ga mijinta ba, ba rai, ba gawa. Tunau ya sunkuyar da kai, ya koma bakin aiki.

Ni na san amsar, don ya gaya mini a bayan gari, amma hula ta ɗaure ni. Sai na tafi gindin gawo.

"Ranki ya daɗe, al'adar nan taku tana da kyau, sai dai da ɗan gyara. Mace tana tambaya. Wanda ya san amsa an hana shi magana kafin jinka, bayan jinka kuma an hana kowa. Ko Alƙalin Ƙarfe yana barin mutum ya ce i ko a'a."

Uwar Jinka ta ɓare goro ta ba ni rabi. "Wa ya ce mun hana shi? Tsada muka sa mata. Mutumin da ya ƙona maka ɗaki, in ya gaya maka magana a ɓagas, za ka yarda? In ya faɗa bangonsa ya faɗi da ita, wannan ana iya kwana a kanta."

"In ruwa ya riga shi fa?"

"Sai ya tafi. An taɓa yi."

Na ce ni dai bango mai kyau nake ganin za a yi asara. Ta ce ta ji, ta kuma tuna mini cewa ni Kunne ne.

Kashegari da azahar, inuwar garken ta fara taɓa gonakin arewa. Aka gama cin tuwo, Inna Yalwa ta yi tambayarta. Tunau ya dubi bangonsa, ya dubi dangar gidansu, ya goge hannu a cinya.

"Inna, Baba Nomau ya rasu. Wutar da na sa ce. Kun gudu, shi ya komo ɗaukar irin gero, jinka ta faɗo masa. Ni na ja shi waje, rai ya riga ya yi halinsa. Na binne shi a bakin fadama, gindin kanyar nan mai reshe biyu, na sa farin dutse. Na ji tsoron dawowa in faɗa."

Inna Yalwa ta miƙe, ta gyara mayafi, ta aika a kira liman. Gari ya bi su fadama, na ɓangaren sarki da na waziri, aka yi wa Nomau addu'ar da bai samu ba. Kafin su dawo, dattawa sun aiko da masu taɓarya, aka rushe bangon har ƙasa. Na ce ko za a bar sahu biyu na ƙasa, tunda gaskiya ya faɗa. Aka ce har ƙasa.

Tunau ya tsaya a kan tarin ƙasar, hannuwa a sake. Kowa ya san mutum ɗaya ba zai ta da ɗaki kafin garken ya iso ba. Kande ta fito daga bayan danga, ta fara ƙulla masa guzuri.

Sai ga Inna Yalwa ta dawo, idanu jawur. Ta ɗauko malmalar da ta rufe, ta ba wata maƙwabciya. Ta ɗaure zane, ta tuɓe takalmi, ta faɗa cikin kwaɓin ƙasa.

"Tsayuwar me kake yi kamar an dasa ka? Kawo ruwa, sakarai! Da bakinka kamar na tulu, ka ja mini asarar bango. Ku kuma kallo kuka zo? Gayya nake kira!"

Wani dattijo ya ce ai al'ada ta ce da hannunsa zai gina. Uwar Jinka ta ce, "Ya gina, mun rushe. Ɗakinta ne. Ba mu taɓa hana mai ɗaki kiran gayya ba, ba a dai taɓa samun wanda ya so ba."

Gari ya zubo. Amma ƙasa ba ta jin gayya, sai ta sha iska kafin a ɗora mata wani sahu. Na dubi sama, na ga ko da hannu dubu ruwa zai riga su. Na tambayi Uwar Jinka ko an taɓa roƙon makiyayin ya dakata. Ta ce an taɓa, bai ji ba, kuma ba mai zuwa kusa da shi yanzu saboda surutu. In ya kama mutum da hira sai ƙafafunsa sun kumbura.

Na taɓa hulata. Na nemi izinin barin kujera, Inna Yalwa ta ce in tafi, za ta ajiye mini abin da na rasa.

Na same shi a bayan garken, wani tsoho mai tsayin giginya, gemunsa na jan raɓa, sunansa Ƙurungu. Na yi sallama, na tambaye shi ya kiwo. Ya tsaya cak.

"Ɗan Adam, ni ka tambaya ya kiwo?"

"Kai fa, Baba."

Ya kafa sandarsa, garken ya tsaya, ya zauna har ƙasa ta girgiza. "Tun zamanin kakan kakanka ba wanda ya tambaye ni. In na zo da wuri a ce na ruɓar da iri, in na makara a ce na kashe gero. Wa ya taɓa cewa, Ƙurungu, ya gwiwarka?"

Na ce, "Ya gwiwar?"

Jama'a, kada ku yi wa aljani wannan tambayar sai kuna da dalili. Ya faro daga gwiwar hagu. Ya gaya mini sunan kowane girgije da na uwarsa, wanda ke da tsoron tsawa, da wadda ba ta zubar da ruwa sai an yi mata waƙa. Ya ba ni labarin rigimarsa da iskar gabas, wadda ta ari igiyarsa ba ta mayar ba. Duk inda ya ja numfashi sai in ce, "Sai kuma aka yi yaya?" Rana ta fito ta faɗi, ta sake fitowa, na daina lura. Ƙafafuna suka kumbura kamar yadda aka yi mini alkawari. Na riƙa tuna Inna Yalwa da kewa, don ita aƙalla tana da tuwo.

Aljanin bai gaji ba, gizagizan ne suka gaji. Sun cika sun batse kamar shanun da ba a tatsa ba, suka fara gurnani. Wata baƙa mai faɗin goshi ta ɓalle ta nufi gari, sauran suka bi ta. Ƙurungu ya zabura, ya ce, "Kash, ban kai ga gwiwar dama ba!" Ya ɗauke ni da yatsu biyu ya ɗora a bayan baƙar, ya ce in kama ta da kyau. Hawan girgije kamar zama ne a kan jiƙaƙƙiyar auduga mai fushi. Ba na ba kowa shawarar ya gwada.

Ta zubar da ni a kan tarin ciyawa a bakin gari, na ruga da ɗingishi. Bango ya tashi, ɗanye-ɗanye amma tsaye. Maza sun kewaye jinka, kowa ya sa kafaɗa, wanda ya yi yaƙin sarki na jingine da wanda ya yi na waziri, don jinka ba ta ɗaguwa ta gefe ɗaya. Iska ta taso, gari ya yi duhu da rana tsaka. Kowa na kallon bakin Inna Yalwa.

"Yauwa, ga Kunne. Zauna, da saura."

"Inna, hadari!" in ji jama'a.

"Na gan shi, ba makauniya ba ce ni." Ta tsaya a gaban Tunau. "Ka ƙona mini ɗaki. Ka kashe mini miji, ko ba da niyya ba. Ka bar ni ina ajiye wa mamaci tuwo. Ban ce na manta ba, kuma ban ce zuciyata ta yi fari ba. Amma ka binne shi, ka kuma faɗa. Kunne, ka ji?"

"Na ji, Inna."

"Tafi da maganar." Ta ja numfashi. Ɗigo ɗaya ya faɗo mini a hanci. "Ku ɗaga!"

Aka yi kabbara, jinka ta tashi sama tana rangaji, ta zauna a kan bango daram. Aka tura Tunau ciki, don al'ada ta ce magini ne zai zauna a ƙarƙashin rufinsa a ruwan farko, dalilin da ya sa ba a ha'inci a ginin garin. Ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Muka cunkushe a bakin ƙofa muna leƙe.

Can sai ɗis, a tsakar kan Tunau. Ɗis kuma. Ya ƙame, ya ƙi motsi, yana tare ɗigon da kansa don kada ya taɓa daɓe.

"Tunau," in ji Inna Yalwa.

"Na'am, Inna."

"Wane la'ananne ne ya koya maka baibaya?"

Jama'a suka juya suna kallon Uwar Jinka, ko wannan tono magana ce, a je a sauke rufin da aka ɗora yanzu. Ta gama tauna goronta tukuna. "Yoyo ba yaƙi ba ne. Ta ci gaba. Kai kuma matsa daga nan, an riga an ɗora."

"Gobe da sassafe ka zo ka gyara," in ji Inna Yalwa. "Baɗi ma ka zo. Aikin banza aikin wofi."

Tunau ya ɗaga kai ya duba inda ke ɗigar. "Inna, ai wannan gefen ke kika sake ɗaure shi, kika ce nawa bai yi ba."

"Au! Bakin ya buɗe ke nan? Kande, zo ki ji ɗanki!"

Kande ta riga ta taho, ta ratsa ruwan da ƙwaryar fura a hannu. Ta miƙa wa ɗanta, ta juya ta ce wa maƙwabciyarta ai gaskiya yaron ya faɗa. Na bar su su uku suna musu a kan ciyawa, da murya mai ƙarfi, irin ta mutanen da suka san gobe ma suna tare.

Da ruwa ya ɗauke, dattawa suka raka ni bakin iyaka, suka karɓi hularsu. Uwar Jinka ta tambaye ni ko yanzu na gamsu. Na ce ɗaki ɗaya na gani, ɗaki ɗaya kuwa ba ƙasa ba ne, ga birni can cike da ɗaurarru. Ta ce haka ne, in na gamu da wani baƙo marar dangi a hanya in turo mata shi.

Nan hikayar ta tsaya, na sauke abin da aka ɗora wa kunnena. Abin da na ƙara, Allah ya yafe mini. Abin da na rage kuwa daga zagin Inna Yalwa ne, don na ga akwai manya a wurin nan.